Iskokin Kallo-Sama

Ni mai aski ne, karatuna bai yi nisa ba. Na fara da faɗin haka ne don wanda ya san aikin abokina ya yi mini uzuri in na kwaɓa. Shekara da shekaru yana zama a kujerata yana yi mini bayani, ni kuwa ina riƙe da kansa ina cewa "ƙwarai, ƙwarai", alhali ƙeyarsa nake dubawa ko layi ya miƙe.

Layi ɗaya muka tashi. Shi ya koyi gyaran rediyo, ni na koyi aski, shagunanmu suna jingine da juna. Daga baya aka ɗauke shi aiki a dogon ginin masu bincike da ke tsallaken titi, wai suna neman mai hannu a kan waya da ƙananan sukurori. Tun daga lokacin tafiyarsa ta sauya. Ba ya duban gabansa, sai sama. Ranar da ya zurma cikin kwata da sabon takalmi aka raɗa masa Kallo-Sama, sunan kuma ya bi shi har matarsa ta kama. Ni Kallo nake ce masa, shi kuma ya ce mini Aska.

Daga ƙofar shagona ana hango gefen rufin ginin. Akwai wani farin abu a can mai kai kamar tukunya a kife, da ido ɗaya na gilashi. Da safe yana duban gabas, da azahar ya ɗaga kai, da yamma ka gan shi ya juya yamma. Rana yake bi. Kallo ne mai kula da shi. Kullum da sassafe zai hau da wani lallausan ƙyalle da yake ajiyewa a aljihun gaba, ya goge idon, ya duba ko madubin ciki yana bin rana daidai, ya kori tantabaru. Na taɓa ɗaukar ƙyallen na share injin aski da shi. Bai yi faɗa ba, don ba ya faɗa. Kallona kawai ya yi kamar na share takalmi da rigar sallarsa.

Wata rana shago cike da mutane, wani direba da nake yi wa gyaran fuska ya tambaye shi.

"Wai kai me kake yi ne a saman nan?"

"Iska nake aunawa."

"Da mudu ko da sikeli?"

"Da rana."

Direban ya ce, "To yau na ga ɗan iska na gaskiya, har da katin shaida."

Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Bayan sun watse ya hau kujera ya ce, "Aska, kai dai saurara. Hasken rana kafin ya sauko kan sanƙon nan naka, sai ya ratso iska mai kauri. Iskar nan kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai yawa wadda muke rayuwa da ita, akwai wasu 'yan mitsi-mitsi a cakuɗe a ciki. Wata daga hayaƙin mota take, wata daga juji, wata daga cikin shanu."

"Daga cikin shanu."

"Daga cikin shanu. Kuma ƙanƙantarsu, ka ɗauka furfura ɗaya ce a cikin duk gashin da ka share a shagon nan bana. To kowace, in haske ya zo wucewa, sai ta gatsa. Kuma kowace da wurin da take gatsa. In ka ga gatsar, ka san mai haƙorin. In gatsar ta yi zurfi, ka san suna da yawa."

Na leƙa waje na dubi rana. Lafiyarta ƙalau, ko kwarzane babu.

Washegari ya zo da tsohon faifan CD, ya tara shi a hasken da ke shigowa ta taga, sai ga launuka a bango, ja da ruwan ɗorawa da kore da shuɗi. Ya ce haka na'urarsu take baza haske, sai dai ita ta fi wannan nesa ba kusa ba. Na ce to ina gatsar? Ya ce ai a nan ido ba zai gani ba. Na ce wato ka ɗauko faifai tun daga gida don ka nuna mini abin da ba a gani. Ya bar mini faifan, na saka shi bayan madubi.

Shi kaɗai na sani a duniya mai gaba da hadari. Gari ya yi zafi, kowa na roƙon gajimare, da ya taso sai ka ga Kallo ya ɓata rai, wai an rufe masa rana, aikin yini ya tashi. Na taɓa aske masa rabin kai aka fara yayyafi. Ya zabura ya tsallaka titi da ƙyallen askina ɗaure a wuya, rabin kai fes rabin kai daji, don ya rufe na'urar kada ruwa ya shiga. Bai dawo ba sai la'asar, kuma a haka ya wuni cikin manyan ofis.

Amma kada a ɗauka sakarai ne. Lokacin da matata ta yi doguwar jinya, shi ne yake tashi daga aiki ya zauna mini a shago, ba ya iya aski amma yana riƙe mini mutane da hira har in dawo daga asibiti. Injina bai taɓa kwana a lalace ba. 'Ya'yansa mata biyu, shi yake yi musu wankin takalmin makaranta, yana yi yana waƙar da ba ta da kai ba ta da gindi. Mutumin nan ya yi mini rana, fiye da yadda ranar da yake bi ta yi masa.

Matsalar ta faro ne da Inna, mahaifiyarsa, lokacin da ƙafa ta matsa mata ya ɗauko ta ta dawo gidansa. Wata maƙwabciya ta ce mata, "Ai ɗanki aikin iska yake yi." Da ya dawo ta tambaye shi. Shi kuma da son wasa sai ya ce, "Ƙwarai kuwa, Inna. Iskoki ne iri-iri, ba a ganinsu, kowace da sunanta."

Inna ba ta yi dariya ba.

Da ya ga ta ɗauka da gaske sai ya zauna gyarawa, kuma duk abin da ya faɗa sai ya ƙara ɓatawa. Matarsa ce ta ba ni labari. Inna ta ce a ina suke zama? Ya ce wasu a juji suke tasowa. Ta ce yaushe suka fi yawa? Ya ce wata takan yi yawa da sassafe da kuma gab da magariba, yana nufin lokacin cunkoson motoci. Ta ce suna cutar da mutum? Ya ce wasu in sun yi yawa sukan kama ƙirji. Ta ce sunayensu fa? Ya jero mata wasu sunaye da ba na mutanen kirki ba. Gaskiya ya faɗa tun daga farko har ƙarshe, ita kuma ta ji duk abin da take tsoron ji.

Ta ce ya bar aikin. Ya ce Inna da me zan ci da yara? Ta ce, "To ka yi, amma ba da yawuna ba."

Ya zo ya faɗa mini yana dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Ya ce zai kai ta rufin ta gani da idonta. Ƙafarta kuwa ko dokin ƙofa da ƙyar take tsallakewa. Ya ce to in ta huce zai sake gwadawa. Suka ci gaba da zama lafiya, yana gaishe ta tana amsawa, tana ajiye masa ƙanzo don ta san yana so. Maganar dai tana nan a ajiye, ba wanda ya taɓa ta.

Zazzaɓi ne ya fara kama shi, muka ce na kwana biyu ne. Sai ya sauka a ƙirji. A asibiti jikinsa ya yi zafi har ya fita hayyacinsa, Inna tana zaune a bakin gadon, ni ina tsaye. Ya riƙa cewa, "Sun yi yawa yau. Duba, sun yi yawa." Can ya ce, "Rufe kan, rufe." Ya kira sunayen nan ɗaya bayan ɗaya. Ni na san aiki yake yi a cikin zafin ciwo. Na dubi fuskar Inna na ga ita ba abin da ta sani ke nan ba. Da hantsi Kallo ya cika, rana tana shigowa ta taga har kan ƙafafunsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da masu gaisuwa suka fara raguwa, Inna ta aika a kira ni ɗakinta. Ta sa na zauna kusa.

"Ɗan nan, kai ka fi kowa sanin abokin naka. Ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Shi yake yi musu bauta, ko su suke yi masa?"

"Inna, iskar da ake shaƙa ce fa."

"Haka shi ma ya ce. Ita ta shaƙar suna gare ta? A juji take kwana?"



Ta ce, "Na ce masa ba da yawuna ba, ban kuwa janye ba har ya tafi. Ina so in janye. Amma in abin da nake tsoro ne, ban san me zan ce na yarda da shi ba. In na ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai ta tsaya mini a nan." Ta taɓa maƙogwaronta. "Ƙanwarsa za ta zo ta tafi da ni ƙarshen mako. Ba na so in bar gidan nan da ita a wuya."

Na fito ban san inda zan sa kaina ba. Duk bayanin da ya yi mini yana nan a kaina, amma kamar gashin da aka share wuri ɗaya, ba ka san na wane kai ba ne.

Da safe na tsallaka titi. Ban taɓa shiga ginin ba sai ran nan. Maigadi ya san ni, ya kai ni wurin shugabar Kallo, wadda kowa ke ce wa Dakta, wata siririyar mata mai tabarau. Na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ba ta yi dariya ba, na gode mata da wannan. Ta ce in biyo ta.

Muka hau bene har ya ƙare, sannan wani tsanin ƙarfe da na hau ina salati. Rufin ba komai a kai sai tankin ruwa, da wayoyi a kwance, da kashin tantabaru. Ga kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta da waya, na gane ɗaurin hannunsa ne. Ga silifas ɗinsa a ƙarƙashi. Na'urar tana tsaye, ta fi yadda nake hangenta ƙanƙanta, tana wani ɗan ƙara ƙasa-ƙasa kamar injin aski a ɗakin maƙwabta. Ina tsaye ta ɗan motsa kai. Sai da na ja da baya.

Dakta ta kai ni wani ƙaramin ɗaki mai sanyi a ƙarƙashin rufin, inda hasken yake sauka ta cikin siririyar waya ya shiga wani akwati. Ta nuna mini kwamfuta. Wani layi ne ya ratsa fuskar kwamfutar, yana tafiya yana faɗawa rami yana fitowa, kamar matajin da aka kifa, wasu haƙoran dogaye wasu gajeru. Ta sa yatsa ta ce wannan ramin na iska kaza ne, wancan na iska kaza.

Na ce, "To iskar tana cikin akwatin nan ke nan."

"A'a, Malam. Ba ma kama komai. Haske kawai yake shigowa."

"Ba ku taɓa ta ba."

"Ba mu taɓa ba."

"Ba ku gan ta ba."

"Ba a ganinta."

"Amma kun san yawanta."

"Mun sani. Daga abin da ya ɓace a cikin hasken."

"To wa ya faɗa muku yawan hasken kafin ya ɓace?"

Ta gyara tabarau ta ce tambayar tana da kyau, ta shiga amsawa. Daga nan na ɓata. Na ji ta ambaci tsakar rana, da wani ma'auni da ake ajiyewa a kwatanta, da lissafi. Ina ta gyaɗa kai irin wanda nake yi wa Kallo. Abin da na tsinta shi ne suna yi ne don a san me mutane ke shaƙa, da ko yana ƙaruwa shekara bayan shekara.

Na ce, "Iskar ce ta kashe shi?"

Ta ce ita ba likitar mutane ba ce, amma ba ta zaton haka, don wanda ke kan rufi bai fi wanda ke bakin titi shaƙa ba. Sai na tuna ni ne a bakin titi. Ta ciro ƙyallensa daga aljihunta ta ce yanzu ita take goge idon da safe. Ta juya baya tana gyara wata waya da ban ga abin da ya same ta ba.

Na sauko da ruɗun da ya fi wanda na hau da shi. Na shiga shago na zaro faifan daga bayan madubi, na nufi gidan.

Inna tana zaune a tsakar gida a kan tabarma tana tsintar shinkafa, matar Kallo tana wanki a gefe. Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, na je na gani. Zan nuna miki da faifai."

Ta miƙo mini na hannunta, da shinkafar da komai.

"Ba wannan ba, Inna. Wannan."

Na tara shi a rana, na yi ta juyawa har launukan suka faɗa jikin bango kusa da ita. Ta dube su. Ta janye ƙafarta.

"Bakan gizo ne wannan. Ba hadari ba ruwa, ka kirawo bakan gizo cikin gida. Shi ya koya maka?"

Na yi maza na cusa faifan a aljihu. Matar Kallo ta sunkuyar da kai cikin bahon wanki, ban sani ba dariya take ɓoyewa ko kuka. Na zauna a ƙasa daɓas. Na ga na zo gyara na ƙara ɓatawa, daidai yadda shi ya yi.

Na ce, "Inna, ni ban gane aikin nan ba. Ban taɓa ganewa ba. Abin da na gani da idona kawai zan faɗa miki. Kujera ce a can, da silifas ɗinsa, da wani abu mai kallon rana. Ba sa kama iskar, ba sa ganinta, ba sa magana da ita. Haske ne yake tahowa daga sama, ita ta ɗebi nata a hanya, su kuma su duba abin da ya ragu, su rubuta, su faɗa wa mutane."

Ta ɗaga faifanta ta sheƙa shinkafar, ƙaiƙayi ya tashi ya bi gefe. Ta sake sheƙawa.

"Ba ya kiran su?"

"Ba ya kira."

"Ba ya ajiye musu komai? Ko turare?"

"Ko ruwa. Gilashi yake gogewa, ya kori tantabaru."

"Suna zuwa dai su ɗauka, shi kuma yana zaune yana lura da abin da suka ɗauka."

"Ina jin... haka ne."

"In sun yi yawa ya faɗa."

"Ya faɗa."

Ta ajiye faifan a cinyarta. "To ai wannan gadi ne."

Na buɗe baki zan ce wani abu. Don na lura har yanzu "su" take cewa, kuma ban tabbata su ɗin da take nufi su ne na Dakta ba. Matar Kallo ta ɗago ta dube ni, ta girgiza kai kaɗan. Na rufe bakina.

Inna ta ce, "Shi ya sa a asibiti yake cewa sun yi yawa, a rufe. Har a gadon ciwo yana bakin aikinsa." Ta share ido da gefen mayafi. "Yaron nan da shegen surutu. Ya yi ta jero mini sunaye. Da ya ce mini gadi yake yi, ai da tuni an wuce wurin."

Ta ɗaga hannuwanta biyu, muka ɗaga namu. Ta ce ta janye abin da ta faɗa, da yawunta ya yi aikinsa, ta yafe masa duniya da lahira. Ta yi masa addu'a doguwa, muryarta ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Muka shafa.

Har yau ina juya abin a raina. Wani lokaci in ce gaskiya na faɗa mata ta fahimce ta ta hanyarta. Wani lokaci in ce na bar tsohuwa da kuskurenta don ya fi sauƙi. Wani lokaci kuma in ce ko ita ce ta gane, ni ne har yanzu nake neman gatsa a jikin rana. Wanda zan tambaya ya raba mini gardama shi ne ba ya nan, kuma na san ko yana nan faifai zai ɗauko.

Ranar da ƙanwarsa ta zo, na je na taya su sa kaya a mota. An zaunar da Inna, har an rufe ƙofa, sai ta sa aka sauke gilashi ta yafito ni.

"Yanzu wa ke gadin?"

"Dakta ce, Inna. Shugabarsa."

"Mace?"

"Mace."

Ta ɗan yi tunani. "Ka ce mata ta riƙa yin addu'a kafin ta hau. Kuma kada ta kai magariba a can."

Na tsallaka na isar da saƙon yadda aka ba ni, ban rage ba ban ƙara ba. Dakta ta cire tabarau ta goge, ta ce in faɗa wa Inna ta ji, kuma dama in rana ta faɗi aikin ya tashi.